Gidan kula da naƙasassu: abin da aka gano a Winterbourne View

A daren 31 ga Mayun 2011, tashar BBC ta nuna wa mutanen Birtaniya wani shiri na Panorama da ya hana da yawa barci. Wani ɗan jarida mai suna Joe Casey ya nemi aikin kula da majinyata a Winterbourne View, kusa da birnin Bristol na Ingila, ya yi makonni biyar da ɓoyayyar kyamara a jikinsa. Gida ne mai gadaje 24, na manya masu larurar ƙwaƙwalwa da wahalar koyo, kuma kamfanin Castlebeck ne ke gudanar da shi a lokacin. Kyamarar ta ɗauko ma'aikata suna marin majinyata, suna danne su ƙarƙashin kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi, suna yi musu ba'a.

Ba rashin kuɗi ba ne. A lokacin, hukumar lafiya ta ƙasar na biyan kimanin fam 3,500 a mako kan kowane mutum ɗaya.

Abin da ya fi ciwo shi ne an yi magana tun kafin kyamara ta shiga. Wani babban ma'aikacin jinya a gidan, Terry Bryan, ya rubuta wa shugabanni ƙorafi, suka yi kunnen uwar shegu. Ya kai kuka ga CQC, hukumar da ke duba asibitoci da gidajen kula a Ingila, nan ma shiru. Sai da ya ga ba sarki sai Allah ya nufi 'yan jarida. An rufe gidan a Yunin 2011, ma'aikata 11 suka amsa laifi a kotu, aka ɗaure shida a Oktoban 2012.

Binciken da Margaret Flynn ta jagoranta ya tono tushen ɓarnar, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya. Gidan ya yi watanni babu manaja mai rajista. Ma'aikata na shiga suna fita kamar kasuwa, yawancinsu ba su da horon kirki, abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne danne mutum idan ya tayar da hankali. Iyalai kuwa ba a barinsu su hau benen da 'yan'uwansu ke kwana, sai dai a zaunar da su a ɗakin baƙi a kawo musu majinyacin. Wanda bai ga makwancin ɗansa ba, ina zai san yadda ɗan ke kwana?

Wani zai ce ai an ɗauki darasi. A 2019 Panorama ta sake bankaɗo irin wannan cin zali a Whorlton Hall da ke yankin Durham, gidan da CQC ta riga ta ba shaidar cewa yana da kyau. Takardar masu duba gari, ashe, ba ta ganin abin da ake yi ƙarfe biyun dare.

Maganar ta shafi mutanenmu kai tsaye. Bayan da Birtaniya ta buɗe bizar aikin kula da tsofaffi da naƙasassu a 2022, dubban 'yan Najeriya sun shiga wannan aiki, kuma wasu iyalan da ke zaune can suna da nasu a irin waɗannan gidaje. Ma'aikacin da bizarsa ke hannun mai gida yakan ji tsoron buɗe baki, amma dokar ƙasar ta 1998 ta ba mai tona asiri kariya, kuma yana iya kai rahoto ga CQC ko ƙaramar hukuma ba tare da bayyana sunansa ba. Ya rubuta rana da lokaci da abin da idonsa ya gani.

Mai ɗan'uwa a ciki kuma ya riƙa zuwa ba sanarwa, har da dare da ƙarshen mako. Ya tambayi sunan manaja da tsawon zamansa, da yawan masu kwanan aiki, ya lura ko kullum sababbin fuskoki yake tararwa. Idan ya ga tabo, ko majinyaci ya rame, ko yana firgita in wani ma'aikaci ya matso, ya nemi a nuna masa littafin da ake rubuta abin da ya faru a ranar. In an hana shi shiga ɗaki, ya kira sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukumar yankin a ranar.