Ko Kun Sani? Layin Dogon Gadarif da na Tokyo Faɗinsu Ɗaya

Tazarar ƙarafan layin dogon da ya iso Gadarif ta ƙasar Sudan daga Kasala a 1928, ya zarce Sinnar a 1929, milimita 1,067 ce. Wannan faɗin ne kuma jiragen layin Yamanote suke bi suna zagaya Tokyo, suna kwasar ma'aikata da ɗalibai kowane 'yan mintuna. Tsohon layin Legas zuwa Kano ma haka yake. Duk da haka mutumin Fau, hedikwatar aikin noman rani na Rahad, in zai kai gyaɗa ko auduga kasuwa sai ya ɗora wa babbar mota, domin layin bai ratsa garinsa ba, kuma tun da aka kammala titin Hartum zuwa Port Sudan kaya suka koma kan kwalta.

Wasu za su ce ƙaramin layi ya tsufa, sai an tumɓuke shi an shimfiɗa mai faɗi. Gaskiya ne jirgin Shinkansen na Japan yana gudu a kan milimita 1,435, amma shi na doguwar tafiya ne tsakanin manyan birane. Mai noman dawa da riɗi ba gudun tsiya yake nema ba. Bukatarsa jirgi ya zo kan lokaci da kuɗin dako mai sauƙi. Abin da ya raya tashoshin Japan shi ne gyara a kai a kai da kiyaye lokaci, kuma shi tashar Gadarif take bukata kafin a yi maganar sabon ƙarfe.