Gayya, Sa Kai da Godiya a Rayuwar Hausawa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora jinka bisa ɗaki ya san babu ƙari a cikin maganar. Sai maza da yawa sun kewaye ta, sun ɗaga lokaci guda, sannan ta hau. Ba a biyan kowa ladan wannan aiki. Abin da mai ɗaki ke bayarwa shi ne ruwan sha, da goro idan akwai, da kalmar "na gode". Wannan takarda za ta yi bayani a kan aikin da mutane ke yi wa juna ba don kuɗi ba, da kuma matsayin godiya a cikinsa. Za a fara da kalmomin da Hausawa ke amfani da su, sannan a duba yadda gayya ke gudana, da abin da ya same ta a hannun hukuma, da amfaninta ga jama'a da ga mai yin ta.

2.0 Kalmomin da suka shafi batun

Gayya ita ce taruwar mutane don yi wa wani aiki, ko yi wa gari aiki, ba tare da biya ba. Tana da dangantaka da aikatau "gayyata", wato kiran mutum zuwa wani sha'ani. Wanda ya kira shi ne mai gayya, waɗanda suka amsa kuwa ƴan gayya. Ya kamata ɗalibi ya lura da wata kalma mai rubutu iri ɗaya da ita, wadda ake ji a cikin "da gayya ya yi" ko "ramuwar gayya". Wannan tana nufin ganganci da mugun nufi, kuma muhallin jimla ne ke raba su.

"Sa kai" kuwa shi ne mutum ya shigar da kansa cikin wani aiki ba wanda ya tilasta masa. Daga nan aka samu "aikin sa kai" da "ɗan sa kai", kuma su ne gidajen rediyo suka fi amfani da su idan ana maganar ƙungiyoyin zamani. Sai dai a jihohin arewa maso yammacin Nijeriya, kamar Zamfara da Katsina, "ƴan sa kai" ya zama sunan mutanen da suka ɗauki makami don tsaron garuruwansu. Saboda haka mai fassara ya yi hattara kada ya aza ma'ana inda ba wurinta ba. Akwai kuma "agaji" da "ƴan agaji", masu kai ɗauki a lokacin hatsari ko tsara jama'a a wurin taro, da "taimakon kai da kai", wanda ake kiran ƙungiyoyin unguwa da shi.

Aikatau "gode" yana ɗaukar karɓau kaikaitau: ana cewa "ya gode wa maƙwabcinsa", "ta gode masa", "mun gode muku". Sunan aikin shi ne godiya. Wanda aka yi wa alheri ya manta, ko ya sāka da sharri, shi ake kira butulu, kuma yana cikin munanan sunayen da Bahaushe ke gudu.

3.0 Yadda gayyar noma ke gudana

Damina a ƙasar Hausa gajera ce, musamman a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, inda ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba. Bayan shuka, dole a yi noman farko cikin ƴan makonni, in ba haka ba ciyawa ta shaƙe gero. Manomin da rashin lafiya ya kwantar da shi, ko tsohon da ƴaƴansa suka tafi ci-rani, yana iya rasa abincin shekara guda saboda jinkirin kwana goma. A nan ne gayya ke shigowa. Gonar da mutum ɗaya zai kwashe kwana ashirin yana nomewa, mutum ashirin na iya gama ta a yini guda, kuma a lokacin da aikin ke da amfani.

Mai gayya yakan aika goro ga sarkin noma ko sarkin samari, a sa rana. Da sassafe kowa ya fito da hauyarsa ko fartanyarsa. Sau da yawa makaɗa na biye da manoma, suna kiɗa wa kowa takensa, abin ya koma gasa: kowane saurayi na son ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen kuyya. Mata su kawo fura da tuwo da hantsi. Akwai kuma gayyar da saurayi ke kai wa gonar mahaifin yarinyar da yake nema, ya tattaro abokansa don a ga ƙwazonsa da yawan jama'arsa. Ban da noma, ana yin gayya wajen ginin rumbu, yaɓen masallaci, yasar rijiya, sharar maƙabarta da gyaran hanya. Mata ma suna da tasu wajen sussuka, daka da girkin biki.

Wannan al'ada ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Zabarmawa na da "boogu", mutanen Akan na Gana na da "nnoboa", a Sudan kuwa ana ce mata "nafir". Inda duk ruwa ke da ƙayyadadden lokaci kuma hannu shi ne injin aiki, mutane sun gano irin wannan dabara.

4.0 Godiya a matsayin ajiya

Ƴan gayya ba su karɓar lada, amma ba a barinsu haka nan. Tun a gona mai aiki zai bi su yana cewa "sannunku da aiki". Washegari kuma al'ada ta ɗora masa zagayen ban-gajiya, gida gida. Ga misalin irin maganar da ake yi tsakanin dattijo mai gona da shugaban samari:

Mai gona: Sarkin samari, ina gajiyar jiya?
Sarkin samari: Gajiya ta bi lafiya, Baba. Ai da ka aiko yaro, ba sai ka tako da kanka ba.
Mai gona: Haba, aikin da kuka yi ya fi gaban aike. Na gode, Allah ya sāka da alheri, ya bar zumunci.
Sarkin samari: Amin, Baba. Ba komai, ai yi wa kai ne.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, godiya da ƙafa ta fi godiya da baki, domin zumunta a ƙafa take. Dattijon da ya taka zuwa ƙofar yaro ya ba shi girman da kuɗi ba su saye. Na biyu, amsar "yi wa kai ne" tana fayyace tunanin da ke ƙarƙashin gayya baki ɗaya. Mai taimako yana cewa ne aikin da ya yi wa maƙwabci kansa ya yi wa, domin gobe shi ma jinkarsa za ta buƙaci hannuwa.

Saboda haka godiya tamkar littafin ajiya ce wanda ba a rubuta shi ba. Wanda ya gode ya amsa cewa akwai nauyi a kansa, kuma zai sauke shi ran da aka kira. Wanda bai gode ba, ko wanda ke ɓuya duk ranar gayyar wasu, gari na lura da shi, kuma ran da ya kira tasa zai ga gonarsa wayam. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya nuna yadda kyauta da ramuwarta ke ɗaure dangantaka tsakanin Hausawa, musamman a bukukuwa. Karin magana ya riga shi faɗa: "Yaba kyauta tukuici", da kuma "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza". Addinin Musulunci, wanda akasarin Hausawa ke bi, shi ma ya haɗa gode wa mutane da gode wa Allah.

5.0 Gayya a hannun hukuma

Sharaɗin gayya shi ne wanda aka kira yana da ikon ƙin zuwa. Idan aka cire wannan iko, aikin ya canza suna. A zamanin mulkin mallaka Faransawa sun riƙa ɗibar mutane ta hannun sarakuna don gina hanyoyi da ɗaukar kaya, har sai da aka soke aikin tilas da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kodibuwa. A Nijeriya ma Ingilishi sun tilasta wa dubban talakawa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, abin da Hausawa suka laƙaba wa suna "ɗiban gwamna". A ido aikin ya yi kama da gayya, tun da taro ne kuma kusan ba lada. Amma babu wanda ya zagaya ban-gajiya, kuma abin da ya bari a zukata tsoro ne.

Misalin samariya a Nijar ya fi wannan sarƙaƙiya. Samariya tsohon tsari ne na matasan gari ƙarƙashin sarkin samari. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da ita, ta mayar da ita ɗaya daga ginshiƙan shirinta na raya ƙasa. Matasa sun gina azuzuwan makaranta, sun share unguwanni, sun dasa itatuwa, musamman da yake daga 1975 an haɗa bikin ƴancin kai na 3 ga Agusta da dashen itace. Aikin da aka yi na gaske ne, kuma jama'a sun amfana. Sai dai da yake umurni daga sama yake saukowa, samariya ta zama kamar reshen gwamnati. Kunce ya rasu a 1987, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991 da shigowar jam'iyyu da yawa, tsarin ya yi rauni ƙwarai. Darasin shi ne hukuma na iya ƙarfafa aikin sa kai, amma idan ta mallake shi, yakan faɗi tare da ita.

6.0 Amfanin aikin sa kai a yau

Gayyar noma ta ragu a wurare da dama. Ƙwadago ya maye gurbinta ga mai kuɗi, ci-rani ya kwashe samari, ga kuma garmar shanu da maganin kashe ciyawa. Amma buƙatar da ta haife ta tana nan, ta sake tufa ne kawai.

Yaƙi da kurkunu babban misali ne. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da cutar a shekara a Afirka da Asiya. Ba ta da allurar riga-kafi, ba ta da maganin sha. Abin da ya karya ta shi ne mutanen ƙauyuka da suka sa kansu: suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo shiga tabki, suna kai rahoton duk wanda tsutsa ta fito masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar da Nijeriya sun rabu da cutar a 2013, Gana kuma a 2015. A 2023 waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai 20 ba. Da yake kurkunu kan kwantar da manomi ne daidai lokacin aikin gona, waɗannan ƴan sa kai sun ceci rumbuna masu yawa.

A Sudan, bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023, matasan unguwanni sun kafa ɗakunan agajin gaggawa, suna dafa abinci ga jama'a, suna kai marasa lafiya asibiti, a wuraren da hukuma ta gushe. Su da kansu suna danganta aikin nasu da al'adar nafir. Wasunsu sun rasa rayukansu a kai.

Ga shi mai aikin, ribar ba ta ɓoyu ba. Yaro a gayya yake koyon riƙon hauya da ɗaurin jinka daga manya. Matashi yana samun suna, kuma a ƙasar Hausa suna jari ne: shi ake dubawa wajen ba da aure, ba da bashi da ba da shugabanci. Baƙo yana zama ɗan gari ran da aka gan shi cikin masu haƙa kabari ko yasar rijiya. Duk da haka aikin na da nauyi, shi ya sa ake cewa "Sa kai ya fi bauta ciwo". Wanda aka tilasta wa yana iya zamewa idan ido ya kauce, amma wanda ya ɗauki alkawari da bakinsa ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Akwai kuma haɗarin a mayar da ƴan sa kai ma'aikatan da ba a biya, a bar musu aikin da hukuma ta karɓi haraji dominsa. Godiya ba ta cika idan ba a ba su kayan aiki, da horo, da kariya ba.

7.0 Kammalawa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 5 ga Disamba don tunawa da masu aikin sa kai tun daga 1985, ta kuma ba su shekarar 2001 sukutum. Wannan ban-gajiya ce irin ta hukumomi. Abin da aka gani a wannan takarda shi ne gayya na tsayuwa bisa abubuwa uku: a gayyaci mutum ba a tilasta masa ba, ya yi aikin ba don lada ba, sannan a gode masa ta hanyar da zai san an gani. Idan ɗaya ya kauce, sauran ba su daɗewa.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. A kawo jimloli biyu da za su nuna ma'anoni biyu na kalmar "gayya".
2. Mene ne bambancin gayya, ƙwadago da aikin tilas?
3. A rubuta gajeriyar hira ta ban-gajiya tsakanin uwar biki da ƙawarta, tare da kiyaye kalmomin girmamawa.