Duwatsun Jos: Wanne ne Tsoho, Wanne ne Yaro?

Duk wanda ya hawo Jos ta hanyar Akwanga ya ga duwatsun Riyom, jibga-jibgai, wani a kan wani, ka ce iska za ta turo su. Wasu na cewa aljanu ne suka jera su, wasu kuma ƙattin mutanen dā. Jita-jita ce. Asali dunƙulen dutse ɗaya ne da ya tsattsage tun yana binne. Ruwa ya riƙa bin tsagogin yana cinye kusurwoyi, zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, curarrun suka rage a inda suke.

Maganar da ta fi yaɗuwa, har a bakin masu ilimi, ita ce tsaunukan Jos ne mafi tsufa a Najeriya. Ido ne ke yaudarar mutum, domin tsayi ba shekaru ba ne. Tun 1911 masanin duwatsu J. D. Falconer ya raba duwatsun giranit na Arewa gida biyu, tsofaffi da ƙanana. Tsaunukan Shere, masu tsayin mita 1,829, da na Jos zuwa Bukuru, cikin ƙananan suke. Narkakken dutse ne ya kutso daga ƙasa ya daskare, shekara kusan miliyan 165 da suka wuce. 'Yan uwansu sun yi jerin gwano daga tsaunukan Azbin a Nijar, ta Damagaram, har Afu a Jihar Nasarawa, kuma ana yin kudu shekarunsu na raguwa.

Tsohon na gaske shi ne wanda ba a kula shi: falalen nan mai zane-zanen fari da baƙi a murɗe, wanda ake shanya hatsi a kai. Shi ne gindin da ƙananan suka huda. Kuma shi ma ba guda ya taso ba. Gutsattsarin ƙasashe ne da teku ta taɓa rabawa, suka matso suka gwabzu kimanin shekara miliyan 600 baya, lokacin da tsohon doron Afirka ta Yamma ya yi karo da na gabashinsa. Zafi da matsi suka lanƙwasa duwatsun, suka liƙe su. A Kaduna an auna wani ɓangarensa ya kai shekara biliyan 3.5. Irin wannan gindin yana nan a arewa maso gabashin Burazil, don a lokacin babu tekun Atlantika a tsakani. A ganina wannan ya cancanci shiga darasin kowane ɗan sakandare a Filato.

To, batun cewa aman wuta ne ya samar da duwatsun Filato fa? Akwai gaskiya a ciki. A Ƙaramar Hukumar Mangu, wajen Panyam da Kerang, ga tuddan da suka yi aman wuta, ga baƙin dutse, ga tafkin Pidong a cikin bakin ɗayansu. Waɗannan ne 'yan auta. Amma kududdufan Rayfield da Bukuru da Barkin Ladi aikin mutum ne, ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka bari, masu zurfi da gaɓa a tsaye, kuma sun ci rayuka.

Ita kanta kuzar daga ƙananan giranit ɗin ta fito, ruwa ya wanko ta zuwa kwaruruka. Masu cewa tana sake tsirowa a tsohon rami sun yi kuskure. Abin da 'yan haƙa ke samu yau ragowar da kamfanoni suka tsallake ce, ko jijiyar da ba su kai gare ta ba.