Wutar da Ke Kwance a Gefen Madina

Duk alhajin da ya ziyarci Madina ya ga baƙaƙen duwatsun nan masu kaushi da ke shimfiɗe gabas da kudancin birnin. Larabawa suna kiran irin wannan fili harra, wannan kuwa sunansa Harrat Rahat, tsawonsa ya kai wajen mil 190 zuwa kudu. Asalinsa narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa, ya malala, ya daskare.

A shekarar 1256, watau 654 ta Hijira, mutanen Madina suka yi 'yan kwanaki ƙasa tana girgiza da su. Sa'an nan ta tsage kamar mil 12 kudu maso gabas da gari, wuta ta ɓullo. Kwana 52 aka yi tana ci. Narkakken dutsen ya yi tafiyar kusan mil 14, ya toshe kwarin Kanat, kana ya tsaya bai kai ga gidaje ba. Malam Samhudi ya kawo labarin cikin tarihinsa na Madina, Wafa'ul Wafa.

To, a wancan zamani Madina ƙaramin gari ne, akwai jeji tsakaninta da wutar. Ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan ɗaya a cikinta, unguwanni da hanyoyin mota kuma sun hau kan harrar kanta. Masana ba su ɗauki wannan fili a kan matacce ba, domin shekara ɗari bakwai ko takwas a wurin dutse kamar barcin rana ne.

Abin da ke da kyau shi ne, irin wannan wuta ba ta cika zuwa babu sallama ba. Idan narkakken dutse yana hawowa, yakan fasa duwatsun da ke bisansa, kowace fasawa kuwa 'yar girgiza ce. Saboda haka Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya ta kakkafa na'urori masu jin motsin da ƙafar mutum ba ta ji, ta kuma yi aiki da takwararta ta Amurka wajen zana taswirar inda malalar za ta iya bi.

An ga amfanin wannan sauraro a 2009, a garin Ais da ke lardin Madina, kusa da wata harrar mai suna Lunayyir. Daga Afrilu zuwa Yuni na'urori suka ƙirga girgiza fiye da 30,000. Mafi ƙarfinsu ta zo ran 19 ga Mayu, ƙasa kuma ta dare tsawon mil 5. Hukuma ta kwashe mutum wajen 40,000, aka saukar da da yawa a Yanbu da Madina. Narkakken dutsen ya hawo har saura mil ɗaya da 'yan kai ya huda ƙasa, sai ya tsaya. Mutane suka koma gidajensu.

Wani zai ce an wahalar da bayin Allah a banza. Ni ban ga haka ba, gama a ranar babu masanin da zai iya rantsuwa cewa zai tsaya. Sai dai Ais ƙaramin gari ne. Kwashe unguwannin Madina, ga baƙi masu ziyara da ba su jin Larabci, ciki har da namu Hausawa, aiki ne da sai an tsara hanyoyin fita da masaukai tun ƙasa tana shiru.