Idan Mai Ciwon Ƙwaƙwalwa Ya Roƙi Mutuwa: Aikin Likita da Aikin Makiyayi

Wani ɗalibinmu da ke hidima a wata ƙaramar ikkilisiya a bayan Tudun Wada ya dawo makaranta da tambaya. Akwai wata gwauruwa a ikkilisiyarsa da ta yi shekara biyu ba ta fita, ba ta cin abin kirki, ba ta barci. Duk ranar da ya je gaishe ta, maganarta ɗaya ce: "Baba Fasto, ka roƙa mini Allah ya ɗauki raina, na gaji." Ya ce mana bai san ko zai tsawata mata ba, ko zai yi shiru, ko kuwa zai yi addu'ar da ta roƙa. Wannan darasi ya fito ne daga tambayarsa. Za mu fara da Turai, domin a can akwai ƙasashen da irin wannan roƙo ake kai shi gaban likita, doka kuma ta ba likitan izinin cika shi.

Abin da doka ta ɗora wa likita a Holan da Beljiyam

Kisan tausayi, wato likita ya kawo ƙarshen ran mara lafiya bisa roƙonsa, ya zama halal a dokar Holan da ta Beljiyam a shekarar 2002. Yawancin mutane suna tsammanin dokar ta masu ciwon daji ce kaɗai, waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa. Ba haka take ba. A ƙasashen biyu ba sharaɗi ba ne mutum ya kasance a bakin mutuwa. Abin da ake nema shi ne ya roƙa da kansa ba tilas, bayan ya yi tunani sosai, wahalarsa ta fi ƙarfin jurewa, kuma babu alamar sauƙi.

Ƙofar masu ciwon ƙwaƙwalwa ta buɗe tun kafin dokar. A 1991 wani likitan ƙwaƙwalwa a Holan, Boudewijn Chabot, ya taimaki wata mata mai shekara 50 ta mutu. Lafiyar jikinta ƙalau. 'Ya'yanta biyu maza ne suka rasu, ɗaya ya kashe kansa, ɗayan ciwon daji ya ɗauke shi, ita kuma ta ƙi karɓar magani. A 1994 kotun ƙolin ƙasar ta same shi da laifi domin a cikin likitocin da ya nemi shawararsu babu wanda ya ga matar ido da ido, amma ba ta hukunta shi ba. Abin da ya fi nauyi a hukuncin shi ne kotu ta yarda cewa wahalar zuciya ma tana iya zama hujja, ko da jiki lafiya yake. A 2023 an yi kisan tausayi ga mutum 138 a Holan saboda ciwon ƙwaƙwalwa, a 2024 kuma 219. Cikinsu har da Zoraya ter Beek, mai shekara 29, wadda labarinta ya zaga duniya.

A Beljiyam, idan mara lafiya ba a bakin mutuwa yake ba, doka ta ce sai an ƙara jin ra'ayin likita na uku, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin wannan ciwo, kuma a jira aƙalla wata ɗaya bayan an rubuta roƙon. A Holan ma, idan ciwon na ƙwaƙwalwa ne, ana bukatar wani likitan ƙwaƙwalwa dabam ya duba. Ke nan likitan ƙwaƙwalwa shi ne mai gadin ƙofar. Tambayoyi biyu ake ba shi ya amsa.

Ta farko: mutumin ne yake roƙo, ko ciwon ne yake magana da bakinsa? A nan ne matsalar take. Mai ciwon daji da ya roƙi mutuwa, ciwonsa yana cikin hanta ko huhu, hankalin da yake auna al'amarin da shi kuma dabam yake. Mai tsananin damuwa kuwa, abin da zai yi awon da shi ne ya kamu. Fid da zuciya da son mutuwa suna cikin alamomin da likita yake dubawa kafin ya ce wannan ciwon damuwa ne. To, alamar da ya koya a makaranta cewa ita ce shaidar ciwo, ita ce kuma ake so ya karɓa a matsayin shawarar mai cikakken hankali.

Ta biyu: shin da gaske babu sauran sauƙi? Likitan ƙashi yana da hoto, likitan jini yana da gwaji. Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da na'urar da za ta nuna masa cewa wannan mutum ba zai sami sauƙi nan da shekara biyar ba. Akwai waɗanda suka yi shekara goma cikin duhu, daga baya wani magani, ko aiki, ko jika da aka haifa musu, ya juya al'amarinsu. Wannan rashin tabbas yana cikin dalilan da suka sa Kanada, wadda ta halatta taimakon likita wajen mutuwa a 2016, ta yi ta ɗaga ranar shigar da masu ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai, har ta kai ta Maris 2027. A Beljiyam, dangin wata mata mai suna Tine Nys, wadda aka yi wa kisan tausayi a 2010 tana da shekara 38, sun kai ƙara cewa an yi gaggawa. Aka gurfanar da likitoci uku a birnin Gent a 2020, aka wanke su duka, amma likitocin ƙasar ba su daina jayayya a kai ba.

Adalci ne mu faɗi hujjar masu goyon baya yadda take, domin ba mugaye ba ne. Suna cewa wahalar zuciya ba ta gaza ta jiki ba, kuma wanda aka hana shi mutuwa a gaban danginsa yakan je ya mutu shi kaɗai ta mummunar hanya. Likitar ƙwaƙwalwa Lieve Thienpont, ɗaya daga cikin ukun da aka wanke, ta buga bincike a 2015 a kan mutum 100 da suka kawo irin wannan roƙo. An amince wa 48, an aiwatar ga 35, takwas kuma suka ɗage ko suka fasa, suna cewa sanin ƙofa a buɗe take ya ba su kwanciyar hankalin ci gaba da rayuwa. Masu goyon baya suna ganin nasara a wannan. Mu abin da muke gani shi ne mutum takwas da aka riga aka yanke cewa ba su da sauran sauƙi, sai ga shi sun zaɓi rayuwa. Muna kuma zargin cewa abin da ya taimake su shi ne an zauna an saurare su ba tare da an firgita ba.

Abin da Nassi ya nuna

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye bayin Allah da suka roƙi mutuwa ba. Musa ya roƙa a Littafin Ƙidaya sura 11, Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, Yunusa ma ya roƙa a sura ta 4 ta littafinsa. Wanda ya fi kama da gwauruwar nan shi ne Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai, ya roƙi Allah ya karɓi ransa. A lura da jerin abin da ya biyo baya. Ba a tsawata masa ba, ba a kuma ba shi abin da ya roƙa ba. An bar shi ya yi barci, an ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Sai daga baya, a Horeb, aka tambaye shi damuwarsa, aka bar shi ya faɗe ta har sau biyu, aka gyara masa lissafinsa na cewa shi kaɗai ya rage, aka ba shi aiki, aka haɗa shi da Elisha. Iliya ya tabbata tasa ta ƙare, alhali akwai mutum 7,000 da bai san da su ba.

A ɗaya gefen, Ba'amaleken da ya zo wa Dawuda da labarin cewa ya ƙarasa Saul bisa roƙon Saul ɗin bai sami yabo ba (2 Sama'ila 1). Matsayinmu a fili yake: rai na Allah ne, mutum an yi shi cikin kamanninsa, roƙon mai wahala kuma ba ya mai da kisa ya zama jinya. Amma kada mai wa'azi ya tsaya a nan yana jin ya gama.

Namu halin

A Najeriya babu likitan da doka ta ba izinin kisan tausayi. Taimaka wa mutum ya kashe kansa babban laifi ne, kuma sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A ganinmu mara lafiyar da ya tsira gadon asibiti yake bukata, ba kurkuku ba, kuma tsoron wannan doka yana sa iyalai su ɓoye abin da ya kamata likita ya sani. Sai a Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200.

Saboda haka bai kamata mu yi wa Turawa kallon raini ba. Su ana tuhumarsu da gaggawar cewa magani ya ƙare. Mu kuwa sau da yawa ba a ma fara maganin ba. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton masu taɓin hankali da ake ɗaure wa mari a Najeriya, a asibitoci da gidajen magani na gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista. Mun taɓa ganin saurayi ɗaure a gindin itace a wani gidan addu'a, ana hana shi abinci da sunan azumi. Wanda ya ɗaure shi ya yanke masa hukuncin da muke zargin likitan Turai da shi, cewa wannan ba mai komawa cikin mutane ba ne.

A Kiru, ko Bebeji, ko Doguwa, kunnen da ya fara jin roƙon mutuwa ba na likita ba ne, na fasto ne ko na shugabar zumuntar mata. Ba a ɗora mana amsa tambayoyin nan biyu da suka gagari masana ba. Abin da ke kanmu shi ne kada mu ce wa kowa tasa ta ƙare, kada kuma mu ce rashin bangaskiya ne ko aljanu tun ba a duba shi ba. Mai jegon da ta daina shayar da jaririnta tana kuka ba dalili, saurayin da tiramadol ya birkita, dattijon da ya yi shiru bayan asarar gona, duk suna iya zama marasa lafiya da magani zai taimaka.

Ga abin da muka faɗa wa ɗalibin namu. Ya tambayi matar kai tsaye, cikin ladabi: "Iya, kina tunanin ɗaukar ranki da hannunki?" Tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar da babu shi, sau da yawa ma takan sauke wa mutum nauyi. Idan ta amsa da i, kada a bar ta ita kaɗai, a kuma kwashe maganin feshi da fiya-fiya daga gidan, domin ƙasar noma muke, kusan kowane gida akwai su a bayan ƙofa. Sa'an nan a kai ta asibiti. Akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna. Daga Doguwa sai an ratsa dajin Falgore, an wuce Tudun Wada, an fito Kwanar Dangora kafin a miƙe Kano, kuɗin motar mutum biyu kuma ya fi ƙarfin gwauruwa. Dattawan ikkilisiya su sa shi cikin baikon taimakon mabukata, kuma ba sau ɗaya ba, domin za a yi ta komawa. A gaya wa iyali tun farko cewa maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, don kada su jefar da shi bayan kwana biyar su ce bai karɓe ta ba. Addu'a kuma a ci gaba da yinta a ɗakinta, da kwanon tuwo a hannun mai zuwa gaisuwar.