Tukwicin mai gyaran famfo: wa ya fi cancanta a ba?

Duk gidan da aka ja wa ruwan famfo ko aka haƙa wa rijiyar burtsatse, ko ba daɗe ko ba jima sai an nemi mai gyara. Idan ya gama aiki, ya wanke hannu, ya tattara sifana da zarto da gwangwanin gam, sai maigida ya shiga tunanin ko akwai abin da ya kamata ya ɗora a kan kuɗin aiki. Wani yana jin kunya idan bai ƙara ba, wani kuma yana ganin ƙarin ɓarnar kuɗi ne. A ganina babban mai gyara, wato oga, ba ya bin kowa bashin tukwici. Haƙƙinsa shi ne ladan da aka yi yarjejeniya a kai, a biya shi cif kuma a kan lokaci. Wanda ya cancanci a tuna da shi da ɗan abin shan ruwa shi ne yaron da ke biye da shi riƙe da jakar kayan aiki.

Yana da kyau a duba Amurka, inda al'adar ba da tukwici ta fi ƙarfi, domin can ma ba kowa ake ba. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda a biya mai kai abinci teburi dala 2.13 a awa ɗaya, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009. An yi haka ne bisa lissafin cewa abin da masu cin abinci za su bari zai cike giɓin. Shi ya sa wanda ya ci abinci yake ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma ana kallon wanda ya ƙi a matsayin wanda ya tauye haƙƙi. Mai gyaran famfo ba ya cikin wannan rukuni. A yawancin jihohi yana aiki da lasisi, shi ko kamfaninsa ke yanka farashi, don haka ba ya tsammanin ƙari, sai dai in an ga dama. Abin lura a nan shi ne, tukwici yana zama wajibi ne a inda lada bai cika ba.

To a garuruwanmu, ladan wa ne bai cika ba? Duk wanda ya tsaya ya kalli yadda ake aikin ya san amsar. Oga ne ke gano inda ruwa ke tsiyaya, shi ke aunawa, shi ke haɗa bututu, kuma wannan gwaninta ce da ta cancanci kuɗinta. Amma yaron ne ke fasa bango da guduma har ƙura ta rufe masa gira, shi ke haƙa rami yana bin bututu, shi ke hawa kan tanki da tsakar rana, kuma idan masai ya toshe hannunsa ne ke shiga, sau da yawa ba safar hannu. Ɗan koyo ba shi da albashi a rubuce. Abin da yake samu kuɗin abinci ne da na mota, sai abin da oga ya ga damar ba shi ranar da aka yi sa'a. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Najeriya a 2024 bai san da zamansa ba, tun da dokar ba ta hau kan wuraren aiki masu ma'aikata ƙasa da 25 ba. Tun kuma da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar kansa ya zama nauyi.

Wasu za su ce ai masu gyara sun riga sun cire rabonsu a kuɗin kaya, suna sayo mai araha su rubuta farashin mai tsada, don haka ƙari ya zama biya biyu. Ana yin haka, babu musu. Sai dai a yi adalci, da hannunmu a ciki. Maigidan da zai biya kuɗin bututu ba tare da ƙorafi ba, shi ne zai tsaya yana taya ladan aiki kamar yana cinikin tumatir, har sai mai gyara ya sallama a kan abin da bai kai ba, sannan ya je ya nemi cikon a wajen sayen kaya. Maganin wannan shi ne a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki tun kafin a taɓa bango, maigida ya sayo kayan da kansa ko ya nemi rasit, sannan ya biya lada mai mutunci. Idan mai gyara ya ce “ba da abin da ya sauwaƙa,” a roƙe shi ya faɗi adadi, domin wannan karar ce ke haifar da gunaguni daga baya. Ko ma yaya aka yi, ribar kayan ba ta shiga aljihun yaron.

Wasu kuma na cewa kyauta tana ɓata ma'aikaci, gobe sai ya fifita gidan da ake ba shi. Wannan tsoron ya fi dacewa da kuɗin da ake bayarwa kafin aiki don a tsallake layi. Abin da aka bayar bayan an buɗe famfo an ga ba ya ɗiga, godiya ce. Akwai ma lokutan da shi kansa oga ya cancanci ƙari: wanda ya taso da dare saboda ruwa na malala a ɗaki, ko ya bar iyalinsa ranar Sallah, ko ya ɗaure ɗan kan famfo ya ce a bar shi kawai. Irin wannan bai kamata a bar shi ya tafi hannu rabbana ba.

Wanda ba shi da hali, ba laifi a kansa. Ruwan sanyi, da sabulun wanke hannu, da kwanon abinci in aikin ya kai azahar, da “sannu da aiki, Allah ya saka da alheri,” duk ana jin daɗinsu, haka ma ba maƙwabci lambar mai gyaran da ya yi aiki tsakani da Allah. Abin da ba shi da uzuri shi ne “ka dawo gobe” bayan aiki ya kammala.

Wanda kuwa yake da abin bayarwa, kada ya zagaya bayan oga, don hakan yana iya jawo wa yaron faɗa. Ya fara biyan oga ladansa cikakke, sannan ya ce, “Malam, ga wannan yaronka ya sha ruwa,” ya miƙa wa yaron a hannunsa, ogan yana gani.