Kafin ka buɗe baki, ka leƙa ɗakin baya

Ana saura kwana uku in fara jarrabawa ƙanwata ta tashi da kumburarren kunci. Ta sha fanadol, ta kurkure da ruwan gishiri, Hajiyarmu ta danna mata kanumfari, duk a banza. Wanda ya taɓa ciwon haƙori ya san ba a ce masa sai gobe. Muka tari adaidaita sahu zuwa Nassarawa GRA, wani ƙaramin asibitin haƙori da ta gani a Instagram.

Wurin dai masha Allah. Tsohon gida ne aka mayar asibiti, tayil na sheƙi, esi na busawa, ga talabijin a bango. Ƙanwata har ta manta da ciwo ta ɗauki hoto. Ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: ƙarafunan da za a sa mata a baki, daga bakin wa suka fito ɗazu?

Ba tsirfa ba ce wallahi. Aikin haƙori aikin jini ne, ko wankin haƙori kawai aka yi maka sai dasashi ya ɗan yi jini. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ƙwayar cutar na iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7. Wato ɗigon jinin da ya bushe a jikin ƙarfe ranar Litinin zai iya harbin wani ranar Asabar. Mu matasa da an ce jini sai hankalinmu ya tafi kan ƙanjamau, alhali ciwon hanta ya fi ta saurin kama mutum nesa ba kusa ba.

Kar kuma wani ya ce ai nan GRA ce, ba bakin kasuwa ba. A 2013, a birnin Tulsa na Amurka, hukumomin lafiya sun kira kimanin mutum 7,000 su je gwajin jini, bayan an samu wani likitan haƙori na aiki da kayan da ba a tsaftace yadda ya kamata ba, wasu har da tsatsa. Daga baya aka tabbatar mutum guda ya ɗauki ciwon hanta nau'in C a wurin. Amurka fa.

Sai na daure na tambayi nas ɗin yadda suke tsaftace kayan aikinsu. Ƙanwata ta mintsine ni, wai zan kunyata ta. Nas ta kalle ni sama da ƙasa. Na ce mata aikin jarida nake karanta, tambaya ce abincinmu. Ta yi dariya ta ja ni ɗakin baya.

Ɗan tsukukun ɗaki ne, ba esi, ba abin ɗauka a hoto. A kan kanta akwai wata na'ura kamar ƙaramin firji da aka kwantar, ita ce otokilef, mai turara kayan aiki. Tururi take amfani da shi mai matsi, digiri 121 na minti 15 zuwa 30, ko digiri 134 na 'yan mintuna. Ruwan tukunya komai tafasarsa ba ya wuce digiri 100, shi ya sa dafa ƙarfe ba ya gamawa da dukkan ƙwayoyin cuta, balle a ce an goge da auduga da sifirit. Sai an wanke kayan, an busar, an sa su a 'yar jaka an liƙe, sannan su shiga. A jikin jakar akwai alamar da ke canza launi idan zafin ya kai mata. Wannan jakar a gabanka ya kamata a farke ta. Idan ka ga an kwaso ƙarafuna tsirara daga faranti, kana da haƙƙin ka rufe bakinka ka yi tambaya.

Har kan injin nan mai ƙara da ake huda haƙori da shi, dole ya shiga na'urar bayan kowane mutum. A ganina a nan jarabar take, domin yana da tsada, ƙaramin asibiti ba ya tara su da yawa. Ga na'urar da cin wuta. Ranar da aka ɗauke wuta sai janareto, kowa kuma ya san inda fetur ya kai tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Ga mutum biyar a layi, ga kayan da aka turara sun ƙare. Mai asibitin zai ce ku jira awa ɗaya, ko zai goge ya ci gaba? Amsar nan ba a ganin ta a Instagram. Shi ya sa idan aka ce min in jira ana turara kaya, ni dai ba zan yi ƙorafi ba.

Sai takardun bango. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita ke ba likita lasisi, kuma duk shekara ake sabunta shi. Hukumar PHIMA ta Jihar Kano ita ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, tana duba su, tana kuma garƙame waɗanda suka saɓa ƙa'ida. Ka duba suna, ka duba shekara. Farar riga kam kowa na iya ɗinkawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba a asibiti yake ba. Iyayenmu na da haƙorin Makka, mu kuma muna da wayar haƙori ta gayu. A TikTok sai ka ga ana talla, ka tura saƙo a zo har gida ko hostel a manna maka. Wayar nan aikinta jan haƙori ne, a hannun wanda bai karanta ba sai ta karkatar da lafiyayyen haƙori ko ta sa shi girgiɗi. A jakar mai zuwa gida kuwa ina otokilef?

An dai cire wa ƙanwata haƙorin. A gabanmu aka farke jaka, aka buɗe sabuwar allura, bayan an gama aka jefa ta a akwatin allurai. Ana tsaka da aiki wayar likitan ta yi ƙara a aljihunsa, bai kai safar hannunsa kanta ba har ta katse.

Da muka koma gida na shiga lissafi. A 2004 aka sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara a Najeriya, ni kuwa an haife ni kafin nan. Na tambayi Hajiya ko an yi min daga baya. Ta ce katina ya ɓace tun tashinmu daga Fagge. Ina gama jarrabawa zan je gwaji, kuma da ƙanwata za mu tafi.